Ƙafar Hagu ta Baba Ambokile

Tun akori-kurar ba ta gama shigowa gareji ba Tumpale ta ji kukan, siriri kamar na gyare, irin wanda boris ɗin kuloci ke yi in ya cinye. Ta yi jifa da sifanar hannunta don haushi. Haba! Ita da kanta fa ta sauke giyabos ta saka wa mahaifinta sabon boris dal, ko damina ba ta wuce ba.

Baba Ambokile ya leƙo ta taga, bayan motar shaƙe da ayabar da ya ɗauko daga Tukuyu zai kai kasuwar Mbeya.

"Bakanikiya, jabu kika saka mini."

"Jabu? Baba, ni na ɓare kwalinsa. Boris ba ya mutuwa da wuri haka sai in direba na jingina ƙafa a kan kuloci yana tafiya."

"Ni? Ni kike faɗa wa wannan?"

Gaskiya maganar ta yi nauyi. A cikin motar nan ya koya mata tuƙi, kuma duk sanda ta manta ƙafarta a kan kuloci sai ta ji ɗas a gwiwa. "Taka, sa giya, ɗauke!" Har yau in za ta sa giya gwiwarta na tuna tafin nan.

"To mu ɗan zaga in ji da kunnena," in ji ta, ta shiga ta zauna a hagunsa.

Ba kunne ta sa ba, ido ta sa. Suka kama hanya, tsoho na ta zuba, wai makanikan yanzu shan shayi kawai suka iya. Da ya sa giya, sai ta ga ya kama wandonsa ya ja ƙafar hagun sama kamar mai ɗaga buhu. Da hira ta yi daɗi ya manta, ƙafar ta kwanta a kan kuloci abinta, boris na ta kuka.

Ta tuna gangaren hanyar Tukuyu, da hazo, da mota cike da kaya. Ta kuma san in aka raba mutumin nan da sitiyari an raba shi da rabin ransa. Ba abin da zai hana ta sake saka masa wani boris ta ja bakinta ta yi shiru. Amma fa ita ce za ta mayar da shi kan gangaren nan da hannunta.

Ta ɗaga hannu ta kai wa gwiwar tafi. Ɗas!

Baba ya ci gaba da labarinsa. Ko waiwaye bai yi ba.

Ta sake kai masa, da ƙarfi. Wannan karon hannun ya gani. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun girbin masara." Bai dube ta ba. "Wani lokaci kamar ba tawa ba. Na ce ko za ta warware."

"Shi ne ka ce na saka maka jabu."

"To me zan ce, 'yar nan?"

Tausayinsa ya kama ta. Shi ya buɗe ƙofa da kansa, ya sauka, ya zagayo yana dafa mota yana jan ƙafar. Ta matsa wajen sitiyari.

"Ayabar fa?" in ji shi.

"Asibiti tukuna. Ayaba ta jira."

Ta tayar da mota, ta taka, ta sa giya. Sai ta bar ƙafarta a kan kuloci da gangan. Boris ya ɗauki kuka, ita kuwa tana jiran tafin nan, tana roƙon Allah ya zo.

Suka yi ta tafiya. Hannun Baba na kan tasa gwiwar, yana mammatsa ta.