Ba Wanda Ya Hau Gadar

Ban ci jarrabawar bak ba. Abin da na fito da shi daga lise, makarantarmu ta sakandare, wasa ne, wanda wani ɗan ajinmu daga Yamai ya koya mini. Mutum ɗaya yana ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai ya jefa ƙwayar lido. Lamba babba, abin ya yiwu. Ƙarama, ya lalace.

Tun da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka, fadarmu ta shan shayi ta cika da marasa aiki. Na samu mutum uku. Alassan, taubashina, yaron kamiyo ne, babbar motar kaya. Yaya Cha'ibu yana sayar da tsofaffin tayoyi. Hamidu kuwa na ba shi kaye da bik, wato littafi da biro, ya riƙa rubuta abin da ya faru a kowane zama. Na kafa doka: abin da ya shiga kaye ya zauna, ba gardama.

Koyar da su azaba ce. Ranar farko Yaya Cha'ibu ya tambaye ni wa yake ci. Na ce ba a ci. Ya ce to wasan me ne. Hamidu ba ya rubuta yaƙi, ba ya rubuta sunan gari. Abin da jarumai suka ci yake rubutawa, da wanda ya makara.

Duk labarin don wuri ɗaya na gina shi: gada a kan gulbi, dodo zaune a tsakiyarta. Na zana shi a bayan tsohuwar kalanda. Na shirya muryarsa, na shirya tambayar da zai yi wa kowannensu. Ban nuna wa kowa ba. Alassan zai tafi gobe. Ubangidansa ya gaji da jira, za su bi ta Burkina zuwa Lome, ba a san ranar dawowa ba. Zaman yau ne na ƙarshe, kuma ina so su hau gadar nan.

Bayan la'asar muka zauna. Kalandar tana ninke a aljihuna.

"Kun iso bakin gulbi," na ce. "Ga gada. An gicciye ta da itace. Kuna jin numfashi daga tsakiyarta. Me za ku yi?"

Yaya Cha'ibu ya kurɓi shayi. "A rufe take?"

"An gicciye ta."

"To mu zauna. Za a buɗe."

"Ba mai buɗewa, Yaya. Ku ne za ku buɗe."

"Mu? Da wace takarda?"

Alassan ya miƙe ƙafa. "Kai bawana, gulbin nan ba masunta?"

"Babu."

"Gulbi ba masunta. A wace duniya? Hamidu, duba mana."

Hamidu ya lashi yatsa, ya koma baya shafi-shafi. "Zaman Talata. Sun ci soyayyen kifi da yaji a ƙauyen bakin ruwa. Alassan ya makara."

"To kifin daga sama ya faɗo?" in ji Alassan. "Inda masunta, akwai jirgi. Ina neman mai jirgi ya ƙetare da mu."

Ni na ba su kifin nan. Na faɗe shi ne kawai don Yaya Cha'ibu ya daina tambaya ko jarumai ba sa jin yunwa.

"Jefa," na ce.

Shida.

"Ruwan yana da ƙarfi. Zai iya kifar da ku."

"Mai jirgin ɗan Dandi ne, cikin ruwa aka haife shi."

"Jefa."

Biyar. Na dubi ƙwayar. Ina iya cewa jirgin ya huje. Amma ni na koya musu cewa ƙwaya ce alƙali, har a kaina.

"Kuna tsakiyar gulbi," na ce. "Gadar tana samanku. Wata babbar inuwa ta leƙo, tana kiran sunayenku ɗaya bayan ɗaya."

"Kada wanda ya ɗaga kai," in ji Yaya Cha'ibu. "Abin da ke bisa gada ba ruwanmu da shi."

Ba wanda ya ɗaga. Suka ƙetare.

Hamidu ya rubuta, ya karanta mana: "Mun ƙetare ta jirgi lafiya. Ba a ci komai ba."

"Yau wasa ya yi daɗi," in ji Yaya Cha'ibu. "Ba wanda ya ji ciwo."

Alassan ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa. Zai je ya ɗaure tanti a kan kaya.

"Wai me ke bisa gadar?" ya tambaye ni.

"Ba ka hau ba."

"Bari in na dawo."

"In ka dawo, jaruminka yana ƙetare. Me zai maido shi?"

Ya yi ɗan tunani. "Gaskiya ne, bawana." Ya mare ni a ƙeya, ya yi dariya, ya tafi.

Yaya Cha'ibu ya ce gawayi yana mutuwa, ko akwai mai takarda. Na ciro kalandar na miƙa masa a ninke. Ya yi fifita da ita, bai buɗe ba.