Shekarar da Nargis Ta Karɓi Zabura

Shekara ashirin da biyu ina jan Zabura a cocin unguwarmu. Ni nake ɗaga baiti, mata su amsa daga hagu, maza daga dama, tsoho Boota yana dukan ganga. Ko jana'iza ce ko ɗaurin aure, sai an jira ni Surraya na iso. Ba yabon kai ba, ranar Ista har maƙwabtanmu Musulmi kan tsaya a bakin katanga su saurara.

Sai wani ƙullutu ya fito mini a maƙogwaro. Mijina Inayat ya kai ni asibiti a Lahore aka yanke shi. Likita ya ce in gode wa Allah, ba mugun ciwo ba ne. Na buɗe baki zan gode, abin da ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti. Aka yi wata shida, aka shekara, murya ba ta dawo ba. Ina magana, amma sai mutum ya matso da kunnensa.

A cikin shekarar nan ƙanwata Nargis ta dawo daga Karachi da akwati ɗaya, mijinta ya koro ta. Nargis kuwa tun da ta yi aure ba ta san hanyar coci ba sai da Kirsimeti, shi ma don ta nuna sabon gyale. Waƙoƙin fim take rerawa tana wanki. Wata Lahadi ta biyo ni don zaman gida ya ishe ta. Aka rasa mai ɗaga baiti, mata suna ta kallon juna, sai kawai ta ɗaga.

Ban taɓa sanin tana da wannan muryar ba. Boota ya ɗago kai, ya gyara zama, ya ƙara wa ganga ƙarfi. Bayan an tashi mata suka yanyame ta. Matar Fasto ta riƙe hannuna tana cewa, "Kin ga ikon Ubangiji? Ya rufe ƙofa ya buɗe taga, kuma duk a gida ɗaya!" Na yi mata murmushi. Da na koma gida na ƙona gurasa uku a jere, Inayat ya cinye su a haka.

Na samu Fasto Sardar ranar Talata yana ba tumatirinsa ruwa.

"Fasto, me na yi?"

"Ƙara ɗaga murya, 'yar'uwa."

"Ai da zan iya da ban zo ba."

Ya ajiye bokiti, kunya ta kama shi. Ya ce Allah ba ya gwada bawansa don ƙiyayya, zinariya ma sai ta shiga wuta take tsarkaka.

Na ce, "To ita Nargis wace wuta ta shiga? Ni na share cocin nan, na yi azumi, na tashi da jego na zo na yi waƙa. Ita ko tsarin baitoci ba ta sani ba."

"Ba ciniki muke yi da Shi ba, Surraya."

"Na sani. Amma ko mai shago yana sanin tsohon abokin cinikinsa."

Ya ɗauki bokitinsa. Can ya ce tunda na iya harmoniya, akwatin kiɗan nan da ake hurawa da hannu, in riƙa buga wa ƙanwata. Haka na koma zama a ƙasa gefen ƙafarta, ina kallon dugaduganta masu lalle, ita tana tsaye a inda nake tsayawa.

Da kaka takarda ta zo. An gayyaci cocinmu ya ja Zabura a babban taron shekara da ake yi a birni, inda dubban mutane ke taruwa a ƙarƙashin rumfa. Shekara ashirin da biyu ina roƙon wannan takardar. Fasto ya karanta ta a gaban jama'a, ya kira sunan Nargis, aka yi tafi.

Mun yi sati uku muna gwaji. Ta iya, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma na lura da abu ɗaya: akwai wani baiti da yake hawa sama, idan aka fara waƙar da tsayi ba za ta kai ba. Na lura, na ajiye a raina, ban gaya wa kowa ba, har kaina ban gaya wa sosai ba.

Ranar taron rana ta take, fankoki suna juya iska mai zafi. Aka kira mu. Nargis ta tsaya gaban lasifika cikin farar riga, ta waiwayo ta dube ni don in ba ta sautin farko. Yatsana yana kan madannin da muka saba. Na matsar da shi madanni uku zuwa sama, na danna.

Ta ɗauka. Boota ya harare ni, amma ganga ta riga ta shiga. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce da ƙyar. A na uku muryarta ta hau, ta hau, ta tsage kamar tsohon zane. Lasifika ya kai tsagewar har bayan rumfa. Ta sake gwadawa, babu. Wasu 'yan mata a gaba suka rufe baki da gyale.

Daɗi na ji. Gara in faɗi gaskiya. Wani sanyi ya sauka mini a ƙirji wanda rabona da shi tun kafin asibiti. Bai daɗe ba. Wata tsohuwa a cikin taron ta kama baitin daga ƙasa, na kusa da ita suka bi, rumfar gaba ɗaya ta ɗauka suka kai shi ƙarshe. Nargis tana tsaye a gaban lasifika. Ni kuma ina ta hura akwatin, bakina ya yi ɗaci.

Na same ta a bayan rumfa wajen famfo, tana wanke fuska.

"Yaya, uku kika ƙara," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ba ni da ilimin kiɗa, amma ba kurma ba ce ni."

Ban musa ba. Na ce, "Wurina ne. Ke me kika yi aka ba ki?"

"Matso, ban ji ba."

Na maimaita a kunnenta. Ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ke me kika yi aka ba ki 'ya'ya huɗu? Shekara goma sha ɗaya uwar mijina tana kirana busasshiyar rijiya. Duk Kirsimeti in zo in ga 'yarki Saima a cinyarki, in koma Karachi in kwana uku ban ci abinci ba. Kin zaci sabon gyale nake zuwa nunawa? Rufe fuska nake yi. Na daina zuwa coci ne don na gaji da tambayar Allah. Abu ɗaya tak Ya miƙo mini, Yaya, shi ma kin sa hannu."

Ban taɓa tunanin akwai abin da Nargis take kallo a hannuna ba.

Fasto ya iso yana haki, yana tambayar abin da ya faru. Nargis ta share fuska ta ce ruwan ƙanƙara ta sha da safe. Boota ya dube ni, ya tofar da yawu gefe, ya ɗauki gangarsa.

Sati biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku na je na gaya wa Fasto abin da na yi da bakina, ya dakatar da ni daga kiɗa har Kirsimeti. Daga nan na wuce ɗakin Nargis na nemi gafara. Ta ce ta ji, amma kada in sa ran ta manta da wuri.

Har yau ban san dalilin da ya sa Allah Ya karɓe muryata ba. Abin da ya fito daga cikina bayan an karɓe ta dai na gani, kuma tun da can yana nan, waƙa ce ta rufe shi. Kishin bai mutu ba, sai dai yanzu na san sallamarsa.

Bara aka aurar da Saima. Nargis ce ta yi mata kitso, ita ta ja Zabura, ni na ba ta sauti daidai. Ta kai baitin sama ba gargada, coci ya yi tsit. Na yi kuka har gyalena ya jiƙe, mata suna ta bubbuga bayana suna cewa haƙuri, kowace uwa da ranar rabuwa da 'yarta. Na bar su a haka, don rabin kukan na Saima ne.