Kuɗin Fita na Alhaji Maazou

Likita ne ya jawo wa Alhaji Maazou wannan wahala. Ya auna jininsa, ya cire tabarau, ya ce ko dai ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, ko kuma wata rana a kawo shi asibiti a kwance.

Alhaji ya gwada. Amma a unguwar Tourou ta garin Parakou dillalin yazawa mai shekara hamsin da wani abu ba ya tafiya ƙasa a bar shi. Bai kai masallaci ba mai babur ya tsaya. "Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace? Hau mu je." Ya ƙi, wani ya tsaya. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai wa matarsa Hajiya Tsahara cewa kasuwa ta juya wa mijinta baya, har ya sayar da mota.

Shi ya sa ya nemi gidan motsa jiki. Ya leƙa biyu a tsakiyar Parakou, kiɗa ya koro shi. Na uku a Ladjifarani yake, bayan wani kantin magani, shiru, da fanka da inji mai bel da mutum ke tafiya a kansa ba ya zuwa ko'ina. Yarinyar da ke teburin shiga, Zoulaïha, ta ce idan ya ɗauki shekara guda farashin wata zai sauka. Da jin ragi ya sa hannu a kontara, wato takardar yarjejeniya. Ta so ta karanta masa shafi na biyu, ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, mun riga mun yi magana. Magana ai ita ce ciniki."

Wata biyu ya yi yana zuwa bayan asuba. Kansa ya daina sara. Sai kakar yazawa ta kama, dole ya tare a Djougou yana bin manoman Pélébina har faɗuwar damina.

A kasuwa, in tafiya ta kama mutum, ƙaninsa yake zaunarwa a rumfa. Don haka ya riƙo hannun ƙaninsa Bachir, siriri kamar kara, ya kawo shi.

"Ga wanda zai riƙe mini wurina. Shi zai riƙa hawa injin."

"Yaya, ni me zan rage a jikin nan?" in ji Bachir.

"Kai dai hau. An biya."

Zoulaïha ta danne dariya. "Baba, ba a haka. Katin da hotonka yake. In kana son dainawa, sai ka biya kuɗin fita, na wata uku. Yana shafi na biyu."

"In biya don in daina zuwa? Me za ki ba ni a kai?"

"Babu komai, Baba. Fita ce kawai."

Washegari ya dawo da limamin unguwarsu da ƙullin goro, yadda ake yi in za a warware ciniki cikin mutunci. Mai gidan motsa jikin yana Cotonou. Aka kira shi a waya, ya gaida liman da ladabi, ya yi dogon bayani da Faransanci, ya ce shi ma banki ke binsa kuɗin injuna. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, kontara tana nan yadda take.

A mota Alhaji ya ce wa Bachir, tun da ya fara kasuwanci bai taɓa miƙa kuɗi ya dawo hannu wofi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Tunda dole a biya, zai ci abinsa. Duk Lahadi zai taso daga Djougou ya hau injin ya koma.

Ya yi hakan kuwa. Hanyar ta fi awa biyu in manyan motoci sun cika ta. Yakan iso da ciwon baya, ya taka injin kaɗan, ya sha ruwa, ya juya. Hajiya Tsahara ta ce man da yake ƙonawa ya fi kuɗin fitar. Ya ce ba a nan maganar take ba. Ciwon kan ya dawo, bai gaya wa kowa ba.

Wata Lahadi ya iso bayan ya kwana uku yana awo a ƙauye. Ya shigo, ya zauna a benci don ya ɗaura takalmi. Ya sunkuya, ɗakin ya juya masa. Ya daɗe a haka, igiyar takalmin a hannunsa.

Zoulaïha ta zo ta durƙusa. "Baba, sannu. In kira Bachir?"

"A'a." Ya numfasa. "Kawo takardar nan taki."

Ta kawo. Wannan karon ya bar ta ta karanta har ƙarshe, yana gyaɗa kai a hankali. Ya ciro kuɗin daga aljihun ciki, ya miƙa, ya sa hannu. Amma bai tashi ba.

"To, gyara fa? Ko mai sayen barkono ana yi masa gyara."

Ta waiga hagu da dama. Babu abin da yake nata a wurin. Ta buɗe jakarta, ta ciro lemo guda da ta zo da shi don ta sha da rana, ta ajiye masa a tafin hannu.

Alhaji ya juya lemon, ya auna nauyinsa. "Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ya ɓare shi a nan kan bencin, ya shanye, sannan ya nemi a kira masa Bachir ya zo ya ja motar.