A Buɗe Murfin

"A buɗe murfin," in ji Kyaftin Dabo, karo na uku ke nan tun hantsi.

Iya, mahaifiyarsa, ta dafa gwiwa ta miƙe da kyar, ta ɗage murfin kwanon furar da ke gefen gadonsa, ta karkato masa ya gani. Ko kallo bai yi ba. Idonsa na kan azarar rufin ɗakin, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta wuce ta buɗe randa, ta buɗe langar tuwo, har ɗan gwangwanin man shafawa bai tsira ba. Maliki magini, maƙwabcinsu na jikin katanga, yana tsugune a bakin ƙofa ya zo duba jiki, yana kallon kwanoni jere baki buɗe kamar ana jiran rabon sadaka.

"Ka gani ko, Maliki?" in ji Iya. "Wata biyu ke nan. Ba abin da ya rage da murfi a gidan nan, amma bai daina ba."

Maliki ya ce Allah ya kawo sauƙi. Tare suka tashi da Dabo a wannan lungu na Daura. Shi ya bi ubansa kwaɓa ƙasa, Dabo ya bi boko, daga nan ya shiga soja aka kai shi rundunar dawaki a Kaduna. Hotonsa na nan a bango, bisa wani baƙin ingarma, ya ɗaga haɓa kamar shi ya haifi dokin. Har yau sojan doki ake ce masa a unguwa, alhali da yaƙin basasa ya tashi ba a je da doki ko ɗaya ba. Shi da kansa yakan ce an karɓe masa doki an ba shi tukunyar ƙarfe mai taya. Iyakar labarin yaƙin da aka taɓa ji a bakinsa ke nan.

Ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a gadon baya. Shekara huɗu yana dogara sanda zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida, yana tsokanar duk wanda ya gifta. Sannan ƙafafu suka ƙi, gadon bayan ma ya biyo, likita a Katsina ya ce kada a ƙara ɗaga shi. Gadon ƙarfensa kuwa a cikin ɗakin aka harhaɗa shi, ba zai bi ta ƙofar ba. Maliki ya fi kowa sanin haka, don shi ya gina ɗakin, da 'yar tagar da ba ta wuce tafin hannu ba.

Yayan Dabo, Alhaji Jafaru, wanda kwangila ta buɗe wa a Kano tun da kuɗin fetur suka zubo, ya zo da sabuwar Fijo ya yi alkawarin ɗakin siminti mai faɗin ƙofa. Ya ce kada wanda ya taɓa ginin kafin nan. Simintin kuma yana can cikin jiragen ruwa a Ikko, sun yi cirko-cirko wata da watanni ba a sauke ba. Ana jiran siminti, Dabo na ta ramewa. Wani malami ya ce asiri ne aka rufe a tukunya aka binne, aka tone zaure kaf, ba a samu komai ba sai tsohon kofato.

Ranar Laraba Maliki ya je sayen tayar kekensa a shagon Hyginus, mai kayan gyaran mota a hanyar Mai'adua. Hyginus mutumin gabashin ƙasar ne, ya bar garin lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙi, ya dawo bayan yaƙin. Kowa ya san ya yi kanikanci a ɗaya ɓangaren, ba wanda ke tada zancen. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, lokacin da Dabo ke iya fita, a bencin shagon nan yake wuni, su raba goro ɗaya.

Hyginus ya tambayi jikin Kyaftin. Maliki ya ba shi labarin kwanonin Iya, yana 'yar dariyar gajiya. Hyginus bai yi dariya ba. Ya ajiye tayar a hankali.

"Malam Maliki, motar sulke ba a fita ta gefe kamar motar haya. Tasu ta sama ake shiga, ta sama ake fita. Murfi ne da ita, na ƙarfe."

Ya ce sau ɗaya Dabo ya taɓa gaya masa. Motarsu ta taka nakiya ta gangara cikin kwazazzabo, murfin ya lanƙwashe ya ƙi buɗuwa. Kwana biyu suna ciki su uku, shi da direbansa Audi da mai harba bindigar motar, Kabo. Kafin a zo a ɓalle, yaran biyu sun cika a jikinsa.

"Tare muka tashi, bai taɓa gaya mini ba," in ji Maliki.

"Ya ce ni ba sai ya yi mini bayanin murfin ba."

Maliki ya turo kekensa gida bai ko hau ba. Kunya ce ta cika shi, da wani irin baƙin ciki. Wata biyu mutum na kallon rufin da shi Maliki ya daɓe da hannunsa, yana roƙo a fili da Hausa, su suna buɗe masa tuwo. Ya kuma san abin da huda soro yake nufi a tsakiyar Agusta. Ruwa zai shiga azara, ƙasar ta jiƙe, rufin ya zauna. Maginin da ya yi haka ya gama sana'a a garin, ga kuma Alhaji Jafaru da kashedinsa.

Iya ta fara da ƙi. Ta ce ɗakin marigayi uban yaran ne, kuma da wane baki za ta fuskanci Alhaji? Maliki ya zauna a ƙasa ya gaya mata duk abin da ya ji, bai rage ba. Ta daɗe tana kallon murfin langa da ke hannunta.

"Ashe yaron nan kira yake a fid da shi," ta ce. "Hau, Maliki. Alhaji ni na haife shi."

Washegari da hantsi ya kafa tsani ya hau da dagi. Hyginus ya rufe shago ya zo, shi da Iya suka riƙe tabarma bisa fuskar Dabo saboda ƙasa. Maliki ya sassare daɓen, ya kwashe ƙasar da hannu, ya yanke zanar da ke ƙasanta, ya zare gajerun azara uku. Kowane sara yana jinsa a ƙirji. Da aka janye tabarmar, haske ya faɗo kan ƙirjin Dabo, faɗin faifai biyu.

Dabo ya ƙifta ido, ya daɗe yana kallon sama. Da ya yi magana, wata murya ce ta fito wadda ba su taɓa ji ba, tsayayya, ba rawa a cikinta.

"Audi, kai ne kusa. Fita." Ya jira. "Kabo, bi shi. A hankali, kada ka taka masa hannu."

Hyginus ya juya fuskarsa bango. Maliki na kwance rubda ciki a kan soro, kansa a bakin ramin, idon Dabo ya sauka a kansa.

"Sun fita?"

"Sun fita, su duka biyu," in ji Maliki. "Saura kai."

"To, madalla. Hafsan soja shi ke fita ƙarshe."

Iya ta matso tana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa na binta. Bai ƙara neman a buɗe komai ba. Ana kiran azahar ya cika, idonsa a sama, sai da Maliki ya sauko ya shafe masa su.

Kafin magariba an kai shi an dawo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa darbejiya. Maliki ya kwaɓa ƙasa da sauri, ya ɗauko azarar nan uku ya nufi tsani. Iya ta leƙo daga ɗakin ta ce ya bari tukuna, gobe ma rana ce.

Ya tsaya da ƙasa a hannu yana kallonta ta ƙofa. Ta ɗauko kwanon furar ta ɗauraye, ta ajiye shi a tsakiyar gadon, daidai ƙarƙashin ramin, ta zauna a gefe da murfin a cinyarta. Ɗigon farko ya faɗo cikin kwanon, sannan na biyu.