Kusurwa ta Huɗu

Detlef Kuhnert, kai ka kashe Ottmar. Likita ya rubuta ciwon huhu, to ya rubuta. Ni ina wurin.

Shekara arba'in da ɗaya katangar shuka ce kawai tsakanina da Ottmar. Kai kuma shugaban ƙungiyar jirage marasa inji na ƙauyenmu, ka zo bakin katangar nan ranar Laraba, ina shanya, ina jinku.

"Baba Ottmar, ka rufa mana asiri. Gasar alkafurar jirage jibi, mutum goma sha biyu muke buƙata, biyar muka samu. Matasa tashi suke so, ba sa son aikin ƙasa."

"Detlef, shekarata saba'in da takwas."

"Zama ne fa kawai! Kusurwa ta huɗu, a gonar gwoza."

Na ce, "Ottmar, tari kake yi." Ya ce, "Irmgard, ke da mita! Idan ba mai zama a kusurwa, wa zai ce jirgi ya ƙetare iyaka?"

Aikin ke nan. A shimfiɗa farin ƙyalle a kusurwa huɗu na filin da jiragen ke juyi a samansa, mutum ya zauna da oba-oba yana kallon sama. Kuma doka ce, kai ka sani, Ottmar ne ya koya maka ita: mai kusurwa ba ya tashi sai an sallame shi.

Juma'a aka wayi gari gajimare ya sauko har kan bishiyoyi. Kuka ce a jira. Sha ɗaya, a jira. Ƙarfe ɗaya ruwa ya kece, ka hau kan benci a rumfar jirage ka ce an fasa na yau. Masu sauran kusurwa uku suna kusa, suka ji hayaniya suka shigo. Aka buɗe giya. Ni ina raba miyar dankali, don ni ma roƙona kuka yi.

Na ce maka, "Ina Ottmar?"

Ka ce, "Haba Goggo Irmgard, ya tafi gida mana. Wane mahaukaci ne zai zauna a wannan ruwa?"

Oba-obarka tana kan tebur, kusa da kwandon burodi, a kashe. Na gan ta da idona. Ni ma na yi shiru na ci gaba da zuba miya, kuma wannan nawa ne, ina ɗauke da shi. Amma ba ni ce mai sallama ba.

Ƙarfe biyar da rabi ya shigo layinmu a ƙafa, yana tura kekensa. Ruwa na zuba daga haɓarsa. Ƙyallen nan yana ninke a hammatarsa, ninki mai kyau, gefe da gefe.

"Ottmar! Ina ka tsaya?"

"Na yi ta kira, ba wanda ya amsa. Na ce ko sama za ta buɗe, su tashi, a rasa mutum a kusurwa."

"Wawa! Tsohon wawa!"

"To, na ji. Akwai sauran miya?"

Kwana shida ya yi. Uku a gida, don ya ƙi asibiti, ina dafa masa shayi da zuma, yana kwance a kan kujerar falo inda zai ga taga. Uku a asibitin gari. Ranar ƙarshe aka yi rana mai kyau. Ya juyo da kai da ƙyar.

"Yau da sun tashi," in ji shi. "Irmgard, ƙyallen yana wurina. Kada su zaci na ɓatar."

Ba ka zo ba, Detlef. Furanni ka aiko.

A coci ka tsaya da baƙar kwat ka ce Ottmar ya rasu yana hidimar abin da yake so, ka ce za a sa wa kofin baɗi sunansa. A bakin ƙofa na riƙe hannun rigarka.

"Wa ya kashe oba-oba?"

"Goggo, ranar kowa aikin mutum uku yake yi. Ba laifin kowa ba ne."

"Kowa ba shi da suna?"

Ka zare hannunka ka shige mota.

Kofinku ku riƙe. Asabar kuna taron shekara. Ka tsaya a kan bencin nan da ka hau, a gaban kowa, ka ce, "Ni na manta da shi." Kalma biyar ce, har ni da ban yi karatu mai nisa ba na ƙirga.

Na wanke ƙyallen. Yana kan igiya a bayan gidansa, jar laka ba ta fita daga gefe guda ba. Kujerarsa mai ninkewa tana gonar gwoza har yau, tana fuskantar sama, ruwa ya taru a mazauninta. Ba zan ɗauko ta ba. Kai za ka je da ƙafarka, ka ɗauko, ka kawo min, ka amsa min tambayata.