Muryar Kumai

Mildred ta sake danna akwatin imel. Layin waya ya yi ƙuginsa, saƙo ya fara shigowa, sai firogiram ɗin ya rufe kansa ɗif, kamar yadda yake yi tun safe.

"Ya zo?" in ji Yunusa daga bakin ƙofa.

"Yana hanya," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Yunusa makiyayi ne daga wata ruga a bayan Kagoro, kuma shanunsa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya ƙungiyar manoma da makiyaya ta Kafanchan, inda Mildred take sakatariya, ta aika jinin shanun ɗakin gwaji a Jos. Likitan ya turo amsa ta imel, ya yi tafiya abinsa. Ga amsa a bakin ƙofa, ga ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wuta kuwa babu tun jiya, kuma ɗan man da aka samo wa janareta a bayan fage ya kusa ƙarewa.

Ta zare waya daga jikin kwamfuta ta mayar wa tarho, don layi ɗaya suke rabawa. Ta kira Kambai, ƙanen marigayi mijinta, mai gyaran kwamfuta a Kaduna. Shi ya sabunta firogiram ɗin shekaranjiya, har ana yi masa godiya.

"Matarmu, yaushe yake mutuwa? Da kin buɗe, ko sai saƙo ya taɓa shi?"

"Sai saƙo ya taɓa."

Kambai ya sassauta murya. Mildred ta san wannan muryar ta gidansu, ba ta zuwa da alheri.

"To ba firogiram ba ne. Ɗan ƙarin nan ne da Yaya ya liƙa mishi. An yi shi don tsoho ne, sabon bai san shi ba. Dole ki cire."

Mijinta Kumai ne ya kafa kwamfutar nan kafin haɗarin mota ya ɗauke shi bara. Don tsokana ya saka wani ɗan ƙari mai magana, ya ɗura muryarsa a ciki. Duk sa'ad da saƙo ya shigo sai a ji shi: "Madam Sakatare, bar cin gyaɗa, aiki ya zo!" Ba su da kaset ɗinsa ko ɗaya a gida. A duk duniya nan kaɗai Kumai yake magana, kuma saboda haka take riga kowa zuwa ofis.

"In na cire, muryar fa?"

"A dunƙule yake a ciki, Yaya ne kawai ya san yadda ya yi. Ba zan miki ƙarya ba, zai iya tafiya gaba ɗaya. In kin jira ni zuwa Asabar, sai in gwada ciro shi tukuna."

Ran nan Talata ce. Janareta ya yi tari a waje, fitilar ofis ta lumshe ta dawo.

Yunusa ya matso, sandarsa a kafaɗa. "Maman Afiniki, me mai gyara ya ce?"

"Wani abu ne ya manne wa injin, shi ya hana saƙo shiga."

"Kamar kaska ke nan. A cire mana!"

Ranta ya ɓaci har ta buɗe baki za ta faɗa masa magana. Sai ta ga idanunsa jajur don rashin barci. Mutumin nan ya sha zama a bencin ofis yana dariyar muryar Kumai, amma ina zai san ita ce kaskar?

"Wace ce ta kwanta yau?" ta tambaye shi.

"Saniyar Zamzam, 'yata. Wadda na ba ta ran suna." Ya sunkuyar da kai. "Ta daina cin ciyawa. Ban san ko in raba garken ba, ko in yanka."

Mildred ta mayar da tarho kunnenta. "Kambai, faɗa mini inda zan danna."

Ya bi da ita daki-daki. Da allo ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce, "Ubangiji, ka gani," ta danna. Ta ajiye tarho, ta mayar wa kwamfuta waya, ta buɗe firogiram. Layi ya yi ƙugi. Wannan karon komai ya tsaya daram.

Ta naɗe hannu tana jira, kanta a ƙasa, kunnenta a buɗe. Ofis ya yi tsit, sai ƙarar janareta da ta 'yan acaɓa a titi. Ta jima a haka.

Yunusa, wanda bai iya karatun boko ba, ya miƙa yatsa ya nuna allon.

"Maman Afiniki, ga wani baƙin layi ya ƙaru a sama. Tun ɗazu yake nan."

Ta ɗago. Sunan likitan ne. Ta goge fuska da bakin ɗankwalinta, ta jawo kujera kusa da tata.

"Zauna, Malam Yunusa," ta ce. "Bari in karanta maka."