'Yan Sandan Ɗelu

Hamza ya fizge salular daga hannun Hasiya daidai lokacin da ƙaton ɗan sandan cikin fim ɗin ya maƙale a tagar gidan ɓarawo, siririn abokinsa na jan ƙafarsa har wando ya biyo hannunsa.

"Haba Inna Hasiya! Mutum na kwance rai ga hannun Allah, ke kuma kin kunna mata shirme?"

Hasiya ta dube shi sama da ƙasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Ɗelu, uwar Hamza, tun suna amare. Tare suka tsufa suna bandar kifi a bakin tafki, kullum cikin faɗa, kullum kwano ɗaya. Wannan mai tsayin gemun kuwa ita ta yi masa wanka ranar da aka haife shi.

"Ita ta ce in kunna. Tambaye ta mana, ai ba ta mutu ba."

Ɗelu na kwance a katifa, ta zama ƙashi da fata. Daga asibitin Maraɗi aka sallamo ta, aka ce a kai ta gida a yi ta addu'a. Ba ta dubi inda Hamza yake ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yi wasa da shi. In ta matsu sai ta ce "wancan".

Duk unguwa an san Ɗelu da finafinan nan na sakarkarun 'yan sanda biyu, waɗanda ake ɗora wa muryar Hausa. Na soyayya ba su dame ta ba, ta ce kukan da ta yi a duniya ya ishe ta. Ta ƙare ƙuruciyarta tana sunkuyar da kai gaban masu kaki a hanyar Ɗan Issa, kwandon kifi a ka, ga shi nan a fim mai kaki ne ke afkawa kwata. Kuma duk zagin da suke dankara wa juna, ba wanda ke tafiya ya bar ɗan'uwansa. Wannan ne ya fi yi mata daɗi.

"Karatu ya kamata ta ji," in ji Hamza.

"Da ni anka yi karatun tun asuba, kana bisa hanya. Za a ƙara kuma. Dariya ta hana salla?"

"Ni na saya mata salular." Ya jefa ta aljihu, ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Ran Hasiya ya ɓaci ƙwarai. Matar nan abu ɗaya ta nema, a hana ta? Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta nufi madafa. Da ta dawo, ƙwarya ce kife a kanta, muciya a kafaɗa, ta zana gashin baki da baƙin tukunya har kunne.

"Kowa shi tsaya inda yake! An sace akuyar kwamanda!"

Ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta kama buta ta yi mata tambayoyi, buta ta ƙi magana, ta ce za ta kwana kumsariya, ofishin 'yan sanda. Asma'u, ƙanwar Hamza, ta toshe baki da mayafi. Ɗelu kuwa leɓenta kawai ya motsa.

"Ba haka a kai ba," ta ce, murya can ƙasa. "Ɗan sanda guda ba shi ba da dariya. Ina abokinki?" Idonta ya tafi a hankali zuwa bakin ƙofa. "Ki ba wancan hula."



"Inna, don Allah..." in ji Hamza.

Hasiya ta tsaya a kansa. "Ka ji ta da kunnenka. Tun da kake, ta taɓa roƙon ka wani abu? Ka ƙi in ka iya. Kai za ka kwana da shi, ba ni ba."

Bai kauce ba sa'ad da ta shafa masa baƙin tukunya a kan leɓe ta ɗora masa faifai a ka. Ya tashi ya tsaya ƙiƙam kamar taɓarya.

"Sara wa babbanka, sakarai!"

Ya ɗaga hannu, faifan ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ita ma ta sunkuya, kawunansu suka gwaru, ƙwarya ta dare biyu. Hasiya ta zube zaune tana salati, Hamza na dafe da goshi yana ba ta haƙuri, tana zaginsa.

Sai ga dariyar Ɗelu. Ta gaske, irin ta bakin tafki, har tari ya sarƙe ta, hawaye na bin kunnenta. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai Hamza, Allah shi shirye ka."

Hamza ya daskare. Sannan ya durƙusa a gefen katifar ya riƙe hannunta, ita kuma ba ta janye ba.

Bayan la'asar numfashinta ya canza. Shi ya yi ta maimaita mata kalmar shahada a kunne har ta karɓa, ta cika. Hasiya ta shafe mata ido, ta ja zane ta rufe ta, ta jiƙa tsumma ta goge baƙin tukunyar daga tata fuskar.

Hamza ya miƙe ya nufi zaure don ya gaya wa maza. A tsakar gida Hasiya ta hango baƙin tukunyar yana nan a leɓensa, hawaye ya ratsa shi gida biyu. Jiƙaƙƙen tsumman na hannunta. Ta bar shi ya fita.